Azumin Baba da Na'urar Sukari

Shekarar da ciwon sukari ya kama Baba, Kebbi ba ta daɗe da zama jiha ba. Muna Kashin Zama, shi yana noman albasa, ni ce ƙaramarsa da ta rage a gida. Yayana, wanda ke aiki a wani kemis a Jega, shi ya kawo na'urar gwaji, ba ta kai tafin hannu ba. Ya nuna mini 'yan tsinkayenta masu siraran layukan ƙarfe. Ya ce akwai sinadari a bakin kowane tsinke, idan ya haɗu da sukarin da ke cikin ɗigon jini sai ya ba da 'yar wutar lantarki, na'urar ta auna ta, ta fito da lamba.

Da azumi ya zo, likita ya yarda Baba ya ɗauka, da sharaɗin idan lambar ta wuce iyaka zai sha ruwa. Baba kuwa tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba.

Da yamma nakan soki yatsarsa. Fatar ta yi kanta saboda ban ruwa, sai na nemi gefe.

"Mi tac ce, ɗiyata?" yakan tambaya.

Kwanakin farko lambar ta yi ta hawa. Sai ya karɓi moɗa, ya juya mana baya ya sha. Inna ta daina saka masa sukari a koko, ta rage tuwo, duk a banza.

Wata rana na makara wajen daka, na same shi ya idar da alwalar la'asar. Na gwada, lambar ta sauko daidai. Na sake, haka. Da yayana ya zo ran kasuwar Aliero na ba shi labari, ya tambayi abin da Baba ke yi kafin gwaji. Ashe kullum da yamma yakan zauna ya raba wa yaran unguwa dabinon buɗa-baki, yana ɓare shi da hannu. Zaƙin da ya manne a yatsa na'urar ke karantawa.

Baba ya yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. "Ashe abin ga malama ce," in ji shi. "Ba ta magana da marar alwala."

Daga ranar bai ƙara miƙo mini hannu ba sai ya ɗauro alwala. Ya kai azuminsa har salla, bayan salla ya rama kwanakin da ya sha. Bai ga wani azumin ba.

Na'urar tana cikin akwatina, tsinkayenta sun ƙare tuntuni. Abin da na fi tunawa shi ne sanyin yatsarsa, da sauran ruwan alwala a kai.