Hoton gonar da ya ƙi fitowa

Shekarar da ambaliya ta cinye mini shinkafa a fadama, ƙanena ya ba ni aikin buga takardu a shagonsa na bakin kasuwar Haɗeja. Wa a ƙarƙashin ƙane, ba daɗi. Ga hannuna na dama ya soma rawa. Na ɓoye masa, don wa zai bar mai rawar hannu a kan kwamfuta?

Ya sa wa kwamfutar hoton gonata, wai in an bar ta shiru zai fito da kansa ya rufe allon. A wurina bai taɓa fitowa ba. Na ce, "Gwanjo ka kwaso, an cuce ka."

Ya duba saiti, ya kashe, ya kunna, muka zauna jira. Can na lura ba hoton yake jira ba. Hannuna na dafe da maus, abin jan 'yar kibiyar allon, kibiyar tana ta karkarwa, ta hana kwamfutar zama shiru.

"Yaya, ɗan ɗauke hannunka."

Na cusa shi aljihu. Jim kaɗan sai ga shinkafa koriya shar a allon.

Ya kalli aljihuna ya ce, "Tun yaushe?"

"Ina ruwanka?"

Washegari na tarar ya mayar da kujerata gaban injin fotokwafi. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.