Daga Rugarmu Zuwa Birnin Katsina Neman Rumbun Manhaja Mai Rufin Asiri

Fitowa

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar Asuba, na baro rugarmu, waya a aljihun gaba, hannuna a kanta. Ni ne sakataren makiyayan yankinmu. A wayar nan akwai lambobi da saƙonnin murya na mutanen da ke tsegunta mana idan sun ga ɓarayin shanu. Ran Talata na gano wata manhajar tocila da aka tura mini tana da izinin karanta lambobina, har da kunna makirfo. Da na gaya wa shugabanmu Arɗo Buba, sai ya ce, "Malam Iro, sunan mutum guda ya fita, jininsa na wuyanmu." Na ce ba ni dawowa sai na san inda ya kamata in riƙa ɗauko manhaja.

Batagarawa

Ɗan acaba ya sauke ni ƙarfe shida da rabi, na ba shi dubu. Na sha koko da ƙosai na ɗari biyar, na shiga napep mai zuwa birni, tafiyar kimanin kilomita goma. A shingen bincike jami'i ya leƙo, ya dubi rawanina.

"Baba, ina zuwa da sassafe haka?"

"Waya zan kai asibiti."

Ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Ƙofar Kwaya

Takwas da minti goma na iske Sani mai gyaran waya yana buɗe shago. Bayan mun gaisa, ya nuna mini wani shafi da ake sauko da manhaja kai tsaye, ba rajista, ba imel.

"Komi kake so akwai, Malam. Har na kuɗi, kyauta."

"Wa ya duba ba a cusa wani abu ciki ba?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban sani ba. Ba a dai taɓa kawo mini ƙara ba."

Na ce wanda aka sace wa sirri ai bai san an sace ba, balle ya kawo ƙara. Bai ji haushi ba. Shi ya goge mini tocilar, ya ƙi karɓar ko sisi.

GRA

Napep ɗari bakwai. Goma da rabi na isa ofishin Hajiya Binta, ɗiyar aminin mahaifina, wadda ke kula da kwamfutocin wurin. Tana taro, na jira awa biyu ƙarƙashin dalbejiya. Maigadi ya ce in dawo gobe. Na ce nan zan zauna.

Da ta fito ta ji bayanina, ta jera mini rumbunan manhaja biyu a allon wayarta. Na farko ba ya neman suna ko imel, kuma manhajojin cikinsa duk a buɗe aka rubuta su, masana na iya bincika abin da suke yi. Wadda ke bibiyar mutum, an rubuta gargaɗi a jikinta.

"Aibinsa fa, Hajiya?"

"Kayansa kaɗan ne, Yaya Iro. Babu manhajar banki, sabuntawa kuma takan yi jinkiri."

Na biyu yana ɗauko maka kaya daga babban rumbun da ke zuwa da waya, ba tare da ka ba da imel ɗinka ba. Komai akwai. Sai dai, in ji ta, ƙofar ce kawai ta canja, manhajar da ke leƙen asiri tana nan da halinta. Wani lokaci ma rumbun yakan ƙi buɗewa kwana da kwanaki.

Na shiga lissafin mutanen da ke cikin wayar. Akwai mai 'ya'ya tara. Na ce ta share wayar tas, ta sa na farko kaɗai. Banki kuwa, tsohuwar wayata tana gida, can zai koma.

"Za ka sha wahalar waya biyu."

"Na yarda."

Aikin ya kai mu La'asar. Ta koya mini duba izinin kowace manhaja, ta sa na maimaita sau uku a gabanta. Shinkafa da wake na ci a bakin titi, dubu da ɗari biyar.

Komawa

Na bar birni biyar saura minti ashirin, na isa ruga shanu na shigowa. Arɗo na zaune kan buzu. Ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya.

"Yanzu ba mai jin mu?"

"Ban ce ba, Arɗo. Ƙofofin da na gani dai na rufe, kuma na koyi gane sabuwa."

Ya miƙo mini ita. "Da ka ce babu ko ɗaya, da na karɓe ta."

Alhamdu lillahi da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Sani da Hajiya Binta, Allah Ya rufa muku asiri duniya da lahira.