Azarar Zauren Malam

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a, na je hutu gidanmu na Karaye aka yi ruwan farko. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar da ya cika zaurenmu a yammacin nan, haɗe da warin jemagu da na tsohon hayaƙi. Ina zaune kusa da kakata tana dama fura, don tun da ta tsufa ba mai hana ta zaman zaure. Sai wani curin ƙasa ya ɓantaro daga rufi, ya faɗa tim cikin ƙwaryar.

Ta dubi ƙwaryar, ta dubi sama, ta ce, "To, takwara, zaure ma ya sa hannu. Sai mu bar masa."

Takwara take ce mini saboda sunanta aka sa mini. Ranar sunana ma karsana ta ba ni, aka kai ta rugar ƙaninta a Jajaye. Sau ɗaya aka taɓa nuna mini ita ina ƙarama, kuma a idona duk shanun farare ne.

Zauren kuwa, kakan mahaifina ne ya gina shi. Malami ne, an ce har daga Falgore ake zuwa ɗaukar karatu a gabansa. Ginin tubali ne mai kaurin bango, rufinsa azarar giginya, a samansa akwai zankwaye da ruwa ya sassaƙe. Ko ana tsananin zafin bazara, cikinsa kamar randa. A nan aka ɗaura auren kakata, a nan aka sallaci mijinta.

Kashegari baffana, yayan mahaifina, ya tara mu. Ya kira wani tsohon magini ya duba. Maginin ya ƙwanƙwasa azarar tsakiya da sanda, gari ya zubo. Ya ce gara ta gama da ita, giginya kuma yanzu sai an je nesa, ga tsada. Ya faɗi maƙudan kuɗin da aikin zai ci.

Baffa ya ce, "Inna, laka ce fa. Ranar da zai faɗo ba zai yi sallama ba, ga yara suna wucewa ta nan safe da yamma. A rushe shi, a sa shagunan bulo, kuɗin haya ya riƙe gidan. In ba a samu kuɗin gyara kafin marka ba, ni zan kawo masu diga."

Ba mugunta ba ce, gaskiya ya faɗa. Amma ni a lokacin waƙa nake rubutawa, kuma duk wanda ya ambaci bulo maƙiyina ne. Na gyara mayafi na yi jawabi. Na ce bangon nan ya sha karatu fiye da mu duka. Na ce tarihi ba ya haihuwa sau biyu. Na ƙare da cewa, "Da ina da abin hannuna, wallahi duk zan bayar."

Baffa ya ce, "Abin hannunki ai biro ne, 'yata."

Aka yi dariya. Kakata ba ta yi ba. Ta ce, "Kun dai ji takwarata ko? Ku shaida."

Na ɗauki wannan a matsayin yabo, na shiga aiki. Na ɗauki hotuna na zuba a zauren dangi na waya, da dogon bayani. Addu'o'i suka yi ta shigowa. Wanda ke Abuja ya ce Allah ya sa albarka, wadda ke Kaduna ta turo hoton fuska mai hawaye. An ɗan turo abin da aka turo, amma maginin ya ce ko kuɗin motar da za ta ɗauko azara bai kai ba. Ta hanyar wani malaminmu na samu wasu masu kula da kayan tarihi suka zo. Suka auna bango, suka yaba, suka sha fura, suka ce a kiyaye kada a shafa masa siminti. Game da kuɗi kuwa, sai an zauna. Ina jin har yanzu ba su samu kujera ba.

Ruwa ya fara zama. Kullum da safe kakata takan sa a share ƙasar da ta zubo, ta shimfiɗa tabarmarta daidai ƙarƙashin azarar nan. Baffa ya yi magiya, ta ce ita da zauren sa'o'in juna ne, wanda ya riga faɗuwa ɗayan ya yafe masa.

Na riga na fara rubuta wa zauren waƙar ta'aziyya, sai wata safiya na ji ƙarar mota a ƙofar gida ana sauke azara. Na tambayi Baffa, ya ce, "Wani bawan Allah ne ya biya," ya kau da kai.

Aka yi aikin cikin gaggawa tsakanin ruwa da ruwa. Samarin unguwa suka yi gayya, suna kwaɓa ƙasa da ƙafa, mata suna jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi don kada ruwa ya ci. Ni aikina raba ruwan sha da kallo. Marka ta zo ta tarar da zauren a tsaye.

Na yage ta'aziyyar, na rubuta wa bawan Allahn nan waƙar godiya. Na siffanta shi da dogon mutum mai farin gashi, mai tafiya ba a jin takunsa. Na karanta wa kakata, ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ai kuwa fari ne tas, takwara. Kamar kin gan shi." Na ji daɗi, na ɗauka baiwar mawaƙa ce.

Yanzu idan na ga ana neman tallafin gyaran wata ganuwa ko tsohon masallaci, ba na saurin jin haushin masu yin addu'a su wuce. Na gane tsohon gini kamar tsoho yake, kowa yana son a ce nasa ne, amma ɗawainiyarsa kan mutum ɗaya take sauka. Na kuma rage faɗin wallahi a gaban tsofaffi.

Kakata ta rasu bayan 'yan shekaru, a zauren aka sallace ta. Da na gama hidimar ƙasa, na so in buga waƙoƙina a littafi, sai na tuna ina da dukiya a Jajaye. Na iske Baffa a zauren yana jin rediyo, na gaishe shi, na ce ina so a sayar mini da saniyata, in ta haihu har da 'ya'yan.

Ya rage muryar rediyon. Ya ce, "Ta haihu kam. Ɗaga kanki."

Na ɗaga, ban ga komai ba sai azara.

Ya ce, "To ga su nan, ita da 'ya'yanta. Inna ce ta aika Jajaye a waccan daminar aka sayar da su. Ta ce kin rantse, kuma duk mun shaida."