Kwamfutar da Yayana Ya Bari

Ina da ɗan shago a Wurno inda nake buga wa mutane takardu, in kwamfuta ta lalace kuma a kawo min in duba. Yayana malamin gona ne a Goronyo, yana bin manoman albasa da ke bakin madatsar ruwa, yana ɗaukar hoton gonakinsu da bayanin cutar da ta kama shukarsu, ya zuba a kwamfutarsa.

Wata Talata ya kira ni ina tsakiyar aiki. Ya ce wani abu ya fito masa a fuskar kwamfuta, jajawur, yana ta ƙara, hotunansa duk sun ɓace.

"Kak ka taɓa komi, Yaya," na ce. "Ina nan tahe ƙarshen mako."

Ƙarshen mako ya zo, ban je ba. Babu wani dalili babba, zafi ne kawai da ƙiwuya. Ya sake kira sau biyu, na ga kiran, na ce a raina in na huta zan neme shi. Ranar Litinin da hantsi babur ɗinsa ya yi karo da motar kaya kusa da Marnona. Kafin la'asar mun sa shi a ƙasa a Rara, garinmu, inda Innarmu take zaune. Wajen zaman makoki mutane sun yi ta tambayar mi ya kai shi wannan hanya ranar aiki. A cikin masu zaman ba wanda ya sani.

Bayan sadakar arba'in matarsa ta aiko a ce in zo Goronyo. Tana cikin takaba, don haka daga bayan labule ta turo min jakarsa. Igiyar jakar ta tsinke, gefe guda kuma ya goge kamar an ja shi a kan kwalta.

"Baffan yara," ta ce, "hotunan ɗiyanai na nan ciki. Ka hiddo muna su in ana iyawa."

"Anti, mi yas samu jakar ga?"

Ta matso jikin labulen.

"Tana goye a bayanai ran nan. Wurinka za shi da ita."

Na zauna a zaure kan tabarma. Rana tsaka ce, kaji na tono a tsakar gida. Na buɗe kwamfutar. Kusurwarta ta tsage, sai dai ta kama. Ko gama tashi ba ta yi ba jan allon ya rufe fuskarta, da hoton garkuwa, da muryar wata mata tana faɗa da Turanci cewa ƙwayoyin cuta sun cika kwamfutar, a danna nan a tsira. Na san irinta. Manhajar ƙarya ce da ke shigar mai magani, alhali ita ce cutar. Aikin da ba ya cin awa guda.

Na kashe kwamfutar, na sake tada ta ta hanyar da ba ta ɗauko komai sai abin da ya zama dole, don kada abin ya farka tare da ita. Na buɗe jerin abubuwan da ke tashi da kansu in an kunna. Yana nan a ciki, da wani suna na haruffa barkatai marar ma'ana. Na bi sawunsa har foldar da ya ɓuya, na goge. Na shiga rajistar kwamfutar, inda take ajiye tsarin aikinta, ina bin layi ɗaya bayan ɗaya, ina cire duk inda ya rubuta kansa. Wuri uku na samu. Da na sake kunnawa, muryar matar nan mai Turanci ta dawo, har sai da na zabura na buge gwiwar hannu da bango. Ashe ya bar wani ɗansa a cikin ayyukan da aka tsara wa lokaci, wanda ke sake dasa shi duk sanda aka tashi. Na tono wannan ma na goge. A karo na uku kwamfutar ta tashi shiru.

Hotunan ba su ɓace ba. Ɓoye su abin ya yi don ya tsorata mai ita. Umarni ɗaya na rubuta, foldoji sunka riƙa dawowa: gonakin ƙauyen Boyekai, albasa mai ruɓaɓɓen wuya, bikin sunan 'yarsa ta ƙarshe, Inna tana tsintar wake. A ƙasansu akwai wani bidiyo da aka ɗauka daren Lahadi ko safiyar Litinin, ban tsaya duba lokacin da kyau ba. Na danna.

Fuskarsa ce ta cika allon. Yana zaune a wannan zauren, daidai inda nake, bangon da ke bayansa shi ne wanda na jingina da shi. Da alama so ya yi ya ɗauki abin da ke fuskar kwamfutar ya nuna min, bai san kyamarar shi take kallo ba. Ya matso, ya ƙanƙance ido yadda yake yi in ba ya sanye da tabarau.

"Ƙanena, ka gani ko? Ga ta nan. Ban taɓa komi ba, yadda kac ce. Na san aiki ya yi maka yawa, bari in kawo ma ita da kaina."

Babu fushi a muryarsa ko kaɗan. Da ma a ce akwai.

Labulen ya motsa. Matarsa ta ji.

"Muryatai ta?"

"Ita ta, Anti."

"Sake sa min."

Na juya kwamfutar ta fuskanci labulen, na sake dannawa. Sau huɗu ta sa na maimaita. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce min komai game da abin da ya faɗa ba, a ranar ko bayanta. Da ta gama sai ta ce in ci abinci kafin in kama hanya. Aka kawo tuwon dawa, na sa hannu na kasa kaiwa baki.

Na kwafe mata hotunan a filashi biyu, na bar kwamfutar a gidan. Inna ba ta san da bidiyon ba har yau. In na je Rara gaishe ta takan ce Allah ne ya kira shi ta wannan hanya, in ce haka ne, Inna, domin haka ɗin ne.

Bidiyon bai kai minti guda ba. Daf da ƙarshensa wani ya yi sallama daga waje, muryar namiji, ƙasa-ƙasa. Yayana ya waiga, ya yi murmushi irin na wanda ya ga wanda ya sani, ya ce, "Ina zuwa." Daga nan ya miƙo hannu, hoton ya tsaya. Na tambayi matarsa, na tambayi maƙwabta, har manoman da yake bi na tambaya. Ba wanda ya tuna wani ya zo gidan a wannan lokacin. Har yau ban san wanda ya kira shi ba.