Fil Ɗin Ƙofar Mota Da Na Mayar Ɗan Kunne

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara goma sha biyar, kuma da a ce ana raba lambar yabo ta rashin ji a Kaura Namoda, da sai an ɗauko amalanke an kai mini nawa gida. Ni ne na taɓa shiga aji a guje na ce mahaukacin kare ya shigo makaranta, malamin lissafi da duk ƙibarsa ya fita ta taga kamar ɗan tsako. Ba mugunta nake nufi ba, dariyar mutane kawai nake so, ina jin daɗinta fiye da tuwo da miyar kuka. Innata, wadda ita kaɗai ke riƙe da ni tun rasuwar babanmu, ta gaji da karɓar ƙara, sai ta kama hannuna ta kai ni garejin wani dattijo da ake kira Oga, ta ce ya riƙe ni duk bayan tashi daga makaranta, ko ƙarfe zai yi mini abin da bulala ta kasa.

Dattijon nan Kirista ne, asalinsu kudancin Kaduna, amma a Kaura aka haife shi lokacin da mahaifinsa ke aikin jirgin ƙasa, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya yi shekaru a birni yana gyaran jiragen sama masu ɗaukar kaya, ɓangaren ƙofofi, da ya yi ritaya ya dawo gida ya buɗe wurin gyaran bodin manyan motoci. Matsalar ita ce har yau bai yarda cewa mota ba ta tashi sama ba. Ƙofar bayan motar kaya ganye biyu ce, kowane ganye da hinji biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ana zura wata ƙusa mai kauri a cikin hinjin daga sama, a gindinta akwai ɗan rami, nan ake sa wani siririn fil mai ƙafa biyu a lanƙwasa ƙafafun, don kada girgiza ta tura ƙusar ta fita. Wannan fil ɗin da bai kai tsinken sakace girma ba shi ne addinin Oga na biyu. Dokarsa ita ce fil sau ɗaya ake lanƙwasa shi, in an cire shi ya mutu, sai sabo. Kuma wanda ya ɗaura ba shi ne zai duba aikinsa ba, sai wani ya hau ya taɓa da yatsa. Yakan ce a jirgi in ƙofar kaya ta buɗe a sama babu gefen titi da za a tsaya. Ni kuwa da ya juya baya sai in ɗaura wando a ƙirji, in riƙa ɗingishi irin nasa ina shinshina hinji, ina tambayar direbobi ko yau za su sauka a Jidda ne ko a Moriki. Har kwanciya suke yi don dariya.

Wata rana da la'asar wani direba ɗan Zurmi ya kawo motarsa a canza mata ƙusoshin ƙofa, washegari zai kai hatsi kasuwar Shinkafi. Babban almajirin Oga, wanda ke duba hinjin sama, ya tafi Gusau sayo kaya. Oga kuma gwiwarsa ba ta barinsa ya hau bodi. Ya ƙirgo fil huɗu sababbi ya zuba mini a tafin hannu, ya ce in yi a hankali. Na ɗaura uku. Ina kan na huɗu, na saman ganyen dama, sai ga yarinyar da ke kawo mana awara ta shigo da ƙawayenta. Shaiɗan ya ce mini ga kasuwa ta buɗe. Na maƙala fil ɗin a kunne kamar ɗan kunne, na yafa tsumman goge mai, na fara rangwaɗa irin ta amarya a saman mota. Ina kaɗa kai, fil ya yi tsalle ya faɗa kwatar da muke zubar da baƙin mai. Na laluba har gwiwar hannu ban same shi ba. Abin da ya kamata in yi bai fi taku goma ba: in je in ce Oga, na yar da ɗaya. Amma na san zai tambaye ni yadda aka yi, ga 'yan matan nan tsaye. Sai na tsinci wani tsohon fil a ƙasa, mai tsatsa, na miƙar da shi da filaya na zura. Ina lanƙwasawa ƙafa ɗaya ta ɓalle, ɗayar kuma ta tsage tana lilo. Na dunƙulo giris na shafe wurin.

Oga ya zo ya taɓa na ƙasa biyu da yatsa. Ya ɗaga kai ya dubi na sama, ya dubi gwiwarsa, direba kuma yana ta cewa Baba a taimaka, lodi ke jiransa. Sai Oga ya kama kafaɗata ya tambaye ni, ɗana, na saman nan sababbi ne duka biyun? Na ce sababbi ne fil, har da rantsuwa. Ya ce to, ya yarda da ni. Motar ta fita, ni kuma na ce wa raina hanyar ai ba ta da nisa, in ta dawo zan canza ba wanda ya sani.

Da safe Inna ta tashe ni, ta ce in yi wanka mu tafi Shinkafi sunan jaririn yayata, ni zan ɗauki kwanon dubulan. Ta ce ƙananan motoci sun yi wuya, amma ta samo mana wuri a bayan wata motar hatsi. Muna isa tasha na ga ashe motar jiya ce, ga dunƙulen giris ɗina a sama yana ƙyalli. A nan ma zan iya magana, direban yana tsaye yana shan shayi. Ban yi ba. Na ce wa Inna cikina ke ciwo mu fasa, ta ce ciwon cikin da ya bar ni na shanye kofi biyu na koko ba zai kashe ni a hanya ba. An jera buhuna har kusan saman bodi, mutane kusan ashirin a kansu, kuma da yake mota na sa Inna jiri, ta zaɓi can baya inda iska take, ta zauna a wani ɗan gurbi ta jingina bayanta da ganyen dama. Na zauna a kan buhun da ke sama da ita, hinjin yana daidai gwiwata.

Har muka wuce Moriki ƙusar ba ta motsa ba, na fara cewa ashe Oga tsoro ne kawai ya yi masa yawa. Duk wanda ya san hanyar nan ya san akwai inda hira ke mutuwa da kanta. Daji ne hagu da dama, gonaki an bar su saboda 'yan bindiga, ba mai tsayawa ko da fitsari ya kama shi, direbobi kuma sukan taka mota ne ba ruwansu da rami. Mata suka fara salati ƙasa-ƙasa. A nan na duba na ga kan ƙusar ya ɗago kamar faɗin yatsa. Na leƙa ƙasanta, babu fil, sai giris. Muka faɗa wani rami, ta ƙara ɗagowa. Na cire takalmina na buga mata ta koma. Wani rami, ta sake fitowa, kamar kan ƙadangare daga bango. Na sake bugawa. Wani tsoho mai jar hula da ya san ni ya ce to, ɗan gidan Inna ya fara, yau kuma makaɗi ya zama. Mutane suka ɗan yi dariya, har da masu jin daɗin an rage musu tsoro. Inna ta harare ni ta ce in mayar da takalmina ko ta ba ni kunya a gaban jama'a.

Na sunkuya na ce mata ta tashi daga jikin ƙofar nan, za ta buɗe. Ta ce Allah ya shirye ni, a irin wannan wuri ma sai na yi wasa. Na ɗaga murya na gaya wa kowa cewa ni na ɗaura ƙofar kuma na yi ha'inci, fil ɗin ruɓaɓɓe ne. Tsohon nan ya ce wannan ai sabon salo ne, bara kare, bana ƙofa. Wallahi ban taɓa sanin akwai azaba irin ta ka faɗi gaskiya da iyakar ƙarfinka a yi maka dariya ba. Sai da hawaye suka zubo mini, Inna ta ɗago ta dube ni da kyau. Ita ta san ko a makarantar allo ba a taɓa samun hawayena ba. Na ga fuskarta ta canza. Ta yunƙura za ta tashi, amma buhunan sun zamo baya saboda girgiza, sun danne mata zani da ƙafa ɗaya, nauyinsu duka a kan ƙofar.

Aka fara dukan kan mota ana ihu a tsaya. Yaron mota ya leƙa ya gaya wa direba, ya dawo ya ce maigidansa ya ce ko bodin ne gaba ɗaya zai cire ba zai tsaya a nan ba, a riƙe har gari na gaba. Ban ga laifinsa ba, rayuka ya ɗauko. Maza biyu suka fara jan buhun da ya danne Inna, ni kuma na jefar da takalmin na kife tafin hannuna a kan ƙusar, na danna da duk nauyina. Ina jin ta tana tura hannuna kamar abu mai rai. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina ya fi shekarar karatu. Duk surar da na taɓa gudu daga haddarta ta dawo bakina. Sai muka faɗa wani rami da ya ɗaga mu sama gaba ɗaya. Hannuna ya zame, ƙusar ta yi tsalle ta bar wurin, na kai hannu in kama hinjin, ƙarfe ya haɗe da yatsuna biyu. Ganyen ƙofar ya kwanta waje daga sama, sakata ta karye, buhu biyu suka bi titi, Inna ta bi su.

Wata Bafulatana da ke gefenta, wadda har yau ban san sunanta ba, ita ta cafke hijabin Inna da damtsenta, tsohon mai jar hula ya rungume Bafulatanar ta baya. Rabin jikin Inna yana waje, ƙafarta ta dama tana jan kwalta, mota tana gudu. Ina ganin takalminta ya fita, ina ganin abin da titi ke yi wa ƙafar, ina ihu ban ma san yatsuna sun fashe ba. Da direba ya ga buhuna a madubi ya taka birki, aka jawo ta ciki. Sai shiru. Injin ya mutu, ga mu tsaye a daidai inda ba a tsayawa. Can sai muka ji ƙarar babura tana tahowa. Ba wanda ya ce a kwanta, kowa ya kwanta. Na kifa fuskata a jikin Inna, ina jin zuciyarta, ina cewa a raina duk wanda aka ɗauka yau ni na sayar da shi. Baburan suka iso, uku ne, mutanen ƙauye da kajinsu za su kasuwa. Ko kallonmu ba su yi ba, suka ƙara wuta, su ma tsoronmu suke ji. Aka ɗaure ƙofar da igiyar lodi, aka bar buhunan a titi.

Ba mu ci suna ba. An ɗaure mana raunuka a Shinkafi, aka dawo da mu asibiti a Kaura. Ƙugun Inna ya goce, diddigenta kuma sai da aka yi wata biyu ana wanki. Yatsana manuni ba ya lanƙwasuwa har yanzu. Oga ya zo da ɗingishinsa da ledar lemo, na gaya masa komai a gaban Inna, har rawar amaryar. Na so ya mare ni. Sai ya zauna a bakin gado ya ce wa Inna, Hajiya ki yafe mini, ni na fara karya dokata da na tambaya maimakon in taɓa. Ya juyo gare ni ya ce inda ya yi aiki, in mutum ya yar da fil ya faɗa, godiya ake yi masa, don an san yau ya ceci mutanen da ba zai taɓa gani ba. Ya ce da na zo na faɗa, iyakarta ya ja mini kunne ya buɗe gwangwani ya ba ni wani.

Yanzu shekarata goma sha bakwai, ina garejin har yau, kuma ban daina ba mutane dariya ba, don in na daina Inna cewa take ko ba ni da lafiya. Amma na rubuto ne saboda 'yan'uwana masu koyon gyara, na mota ne, na babur ne, ko wanda Allah zai kai shi jikin jirgi. In ka yi kuskure a aiki, faɗa tun motar tana gabanka, kunyar minti biyar ce. Kada ka mayar da tsohon abu inda aka ce sabo, kada ka rufe aibi da giris, kuma in an ce wani ya duba aikinka kada ka ɗauka raini ne. Ku iyayen gida, ku hau ku taɓa, ko da yaron ya rantse. Ba ka san wanda zai jingina da abin da ka ɗaura ba.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. In mutane suka tambaye ta sai ta ce tsautsayi ne. Amma kullum in za ta ɗebo ruwa ina jin tafiyarta a tsakar gida, taku ɗaya sannan jan ƙafa, taku ɗaya sannan jan ƙafa, sai in tashi in karɓi bokitin.