Hannun Marini

Ina kan gyara ƙafar akuya yayana ya kira ni. A wani shagon koyon kwamfuta nake a Koki, inda ake koya mana sa zane ya motsa, kuma tun safe akuyar tawa take tafiya a allo kamar mai taka ƙaya. Ya ce in taho gida, Baba ya faɗi a karofi. Ban tambaye shi komai ba, muryarsa ta riga ta gaya mini. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Baba marini ne a Ƙofar Mata. Da aka share makoki muka tattara wayoyin gida muna neman bidiyonsa. Hotuna kawai muka samu, duk yana zaune. Umma ta ce fuskarsa kam tana nan, amma yadda yake shigowa lungu da yamma ya fara yi mata nisa. Wannan magana ce ta mayar da ni shagon da niyyar zana tafiyarsa.

Malaminmu ya ce sai na gama da dabba tukuna. Na yini a tsakar gida ina kallon akuyar maƙwabta, har na gane ƙafar baya tana sauka kusan inda ta gaba ta tashi. Da na gyara haka, tawa ta daina ɗingishi. Daga nan muka shiga tafiyar mutum: diddige ya fara taɓa ƙasa, jiki ya ɗan nutse, ya ɗago, hannun dama ya tafi tare da ƙafar hagu. Na haddace wannan kamar karatun allo. Na zana Baba da farar rigarsa ta komawa gida da hularsa, na ɗora masa tafiyar.

Umma tana cikin takaba lokacin. Na kai mata a waya, ta kalla har ƙarshe, ta yi mini sannu da ƙoƙari, sannan ta tambaye ni wane ne.

Na rage tsawon taku. Na ranƙwafar da bayan. Yayana ya ce yanzu ya zama mai neman tare adaidaita, har da kwaikwayo a ƙofar ɗaki. Duk abin da na sauya, in na kai wa Umma sai ta girgiza kai a hankali, ta miƙo mini wayar. Na fara tsoron ko ita ma ta manta ne.

Wata rana da hantsi tana tsintar shinkafa na sake nuna mata. Ta sa babban yatsa ta rufe hannun zanen.

"Me ya sa yake wurga hannu kamar soja?"

Na ce ai haka kowa yake tafiya, haka aka koya mana.

"Banda Malam," in ji ta, haka take kiran Baba.

Ta ce shekarar da aka kawo ta, kullum sai ta tarar da shuni a gefen farar rigarsa, ga shi ba ya fita da sabulu. Sau ɗaya ta yi ƙorafi. Tun daga ranar yake tafiya da hannuwansa a ware, nesa da riga, yatsu suna kallon ƙasa, ko da hannun a bushe yake, ko da masallaci za shi. Na girma ina ganin haka, ban taɓa lura ba.

Na koma shago na kashe lilon hannun, na ware su kaɗan, na bar motsin a kafaɗa. Malaminmu ya ce wannan ya saɓa ƙa'ida, amma kada in taɓa shi, ya kira sauran ɗalibai su gani.

Da Umma ta karɓi wayar, kafin ta ce komai sai da ta ja mayafinta ta gyara zama.

"Ga shi nan," ta ce. "Sake kunnawa."

Yayana ya leƙo ta bayanta zai yi tsiyarsa, sai ya fasa, ya karɓi wayar ya fita da ita. Da ya dawo ya ce ya nuna a karofi bai faɗi sunan kowa ba, kuma babu wanda ya tambaya, addu'a kawai suka yi.

Tafiya ce mai maimaita kanta, in ta kai ƙarshe ta koma farko. Umma ta ce tana so ta ga ya iso ƙofar zaure ya tsaya ya cire takalmi. Tsayawa wani darasi ne daban, har yanzu ban koye shi ba.