Sailuba Mai Zuma da Barkono

A Kaoje aka haifi Sailuba, a wani gida da ke kallon fadamar shinkafa. Mahaifinta masunci ne, uwarta Dela kuma ita ke soya kifin da ya kamo ta kai bakin hanya. Tun tana ƙarama aka gane Allah ya yi mata baiwar harshe. In maƙwabta suka aiko da miya, takan lasa sau ɗaya ta faɗi wadda ta yi daddawar da ke ciki, kuma ba ta cika kuskure ba. Dela ta sha dungure mata kai a kan haka, don wani lokaci a gaban mai miyar take cewa gishiri ya yi yawa.

Aure ne ya kawo ta Bagudo. Mijinta, Malam Atiku, tela ne, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son hayaniya, ba ya kuma son yaji a abinci. Shekarar da ruwa ya cinye musu gonar shinkafa, Sailuba ta ɗauko tandar da ta zo da ita daga gida, ta kafa rumfa kusa da tashar mota, ta fara toya masa. Daga baya ta ƙara kaskon kifi. Direbobin da ke bin hanyar kan iyaka suka saba da ita, har wasu kan ƙi karyawa a gida don su iso rumfarta da yunwarsu. Shekara goma sha bakwai tana yi wa kowa tambaya iri ɗaya in ya miƙo kwano: "Da zuma ko da yaji?" Wannan ya zaɓi zuma, wancan ya zaɓi yaji, kuma bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa mutum zai iya cewa duka biyun.

Ƙanenta Muhsin, autan Dela, shi ne ya yi karatu mai zurfi a gidansu, har ya samu tafiya Kanada koyon aikin noman rani. Da ya dawo ganin gida ana gobe Babbar Sallah, sai ya zo gaishe ta da tsaraba. Malam Atiku ya samu almakashi, yara suka samu alewa, ita kuwa ya miƙa mata wata 'yar kwalba mai siffar ganye, cike da wani ruwa ja mai kauri.

"Wanga mi ne, auta? Man shafawa?"

"A'a, Yaya, ci ake yi. Wani itace ne can, mafal suke ce mishi. Huda jikinshi ake yi, ruwa ya ɗigo, a dafa har ya yi kauri kamar zuma. Wanga kuma har da barkono suka sa."

Sailuba ta dube shi, ta dubi kwalbar. "Zaƙi da barkono wuri guda? Sanyin garin ne ya taɓa su?"

Muhsin ya yi dariya, ya ce ta dai taɓa. Akwai sauran masa a kwano, sai ta ɗiga ruwan a kan guda, ta raba uku. Malam Atiku ya kai tasa baki, ya lumshe ido don zaƙin ya yi masa daɗi, can sai ya buɗe su da sauri, ya hau tari yana lalubar moɗa. Yara suka bushe da dariya.

"Wanga ai yaudara ce," in ji shi bayan ya sha ruwa. "Ya yi maka sallama da fara'a, sa'an nan ya mare ka."

Sailuba ma ta kai tata baki. Tana taunawa a hankali, tana bin abin da harshenta ke gaya mata. Zaƙin ne ya fara isowa, da ɗan ƙamshin hayaƙi, sai zafin ya biyo baya ya zauna a maƙoshi, kuma maimakon ɗaya ya kashe ɗaya, sai kowanne ya fito da ɗan'uwansa fili. Ta ƙara ɗiga wani. Washegari, da aka soya naman layya, ta faki idon mutane ta zuba kaɗan a kan tsoka guda. A nan ne ta san abin ya kama ta.

Kwana tara kwalbar ta yi. Sailuba ta gwada ta a kan kifi, da soyayyar doya, da awara, da ɗanyen mangwaro. Da ta ƙare, ta zuba ruwan ɗumi ta girgiza ta shanye, sa'an nan ta ce wa mijinta ita ma za ta yi nata.

"Ina za ki samu itacen?"

"Ina ruwana da itacensu, Malam? Mu da ke da zuma."

Gwajin farko bai yi kyau ba. Ta jajjaga attarugu ɗanye ta zuba a zuma ta rufe, bayan kwana huɗu murfin ya yi tsalle, abin ya yi tsami yana kumfa. Na biyu ta ɗora zumar a wuta da garin barkono, ta shiga ɗaki ɗauko ludayi, kafin ta fito zumar ta ƙone. Hayaƙin ya kori kowa daga gidan, har awaki. Malam Atiku ya fito da rigar wani a hannu, yana atishawa, ya zauna a ƙofar gida yana ba masu wucewa haƙuri. Na uku ta gwada da mazarƙwaila, ya yi daɗi amma ya daskare kamar dutse, sai da taɓarya aka fasa shi. Yara kam sun ji daɗin wannan, sun yi kwana biyu suna tsotsa suna hura baki.

Sai a karo na shida ta dace. Busasshen barkono ta samu, ta cire 'ya'yan, ta ɗan gasa shi a kasko har ƙamshi ya tashi. Ta ɗumama zumar a wuta kaɗan, ba ta bari ta tafasa ba, ta zuba barkonon da 'yar citta, ta matsa ruwan tsamiya cokali guda, ta bar shi ya kwana, da safe ta tace. Ta lasa, ta sake lasa. Daga nan ta ɗauki kwanon ta nufi rumfa.

Direbobi suka yi ta kallon kwanon suna yamutsa fuska. Wani ya ce shi ba a gwaji da cikinsa. Wadda ta fara yarda ita ce Fadimatu, wata 'yar kasuwa Badandiya da ke tsallakowa daga Benin duk mako ta hanyar Dole Kaina. Ta ci masa biyu, ta share gumi da bakin mayafi, ta kwance ƙullinta ta fito da wagashi, cukun da Fulanin can ke yi.

"Ƙawa, soya min wanga, ki zuba mishi abin nan naki."

Aka soya, aka zuba. Su biyun suka ci suna kallon juna suna dariya kamar waɗanda suka tsinci wani abu a hanya. Direban da ya ce ba a gwaji da cikinsa ya miƙo hannu ya ɗauki yanka guda, ba wanda ya yi masa tayi. Kafin azahar kwanon ya ƙare. Daga ranar Fadimatu ta zama abokiyar gwajinta. Wani mako ta zo da abarba su gasa su barbaɗa yaji, wani mako da ayaba mai suya. Wani abin ya yi daɗi, wani kuwa su tofar su kurkure baki. Kankana da zumar barkono, alal misali, sun yi alkawarin ba za su sake ba.

Matsala ta zo daga inda ba ta zata ba. Mai kawo mata zuma wani dattijo ne daga Zagga, Baba Ɗanaudu, wanda ya gaji ɗora amya daga kakanninsa, kuma yana alfahari cewa bai taɓa gauraya zumarsa da komai ba. Da labari ya kai masa, sai ya hau babur ya zo har rumfa, ba tare da galan ko ɗaya ba.

"Sailuba, gaskiya ne abin da nake ji? Zumata kike zuba wa barkono?"

"Gaskiya ne, Baba. Zauna ka huta."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ƙudan zuma shina wahala, ni ina shan harbi, ke kuma ki ɓata abin da Allah ya yi shi cikakke? Daga yau ki nemi wani."

Sailuba ta san duk yankin ba zuma kamar tasa. Amma ba ta yi gardama ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta ce ko ba komai ya sha ruwa kafin ya koma, rana ta yi zafi. Ta kira wata mai fura da ke wucewa, ta dama masa da nono, ta tambaye shi ko a sa sukari.

"Awo, sa da yawa," in ji shi.

Ta bari sai da ya sha rabi, ya yi ajiyar zuciya, sa'an nan ta ce, "Baba, mi ake dakawa a cikin fura bayan gero?"

"Citta mana, da kanumfari, da barkono kaɗan." Sai ya tsaya. Ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa, ya dubi Sailuba. Direbobin da ke kan benci suka fara ƙunshe dariya.

"Ke ɗiyar nan," ya ce, "tarko kika ɗana min."

"Ba tarko ba ne, Baba. Ni ma sai kwanan nan na lura. Tun muna yara muke shan zaƙi da yaji tare, ba mu dai sa mishi suna ba."

Ta ajiye masa kifi guda da zumar a kai, ta juya ta ci gaba da toya masarta kamar ba ta damu ba. Da ta waiwayo, ƙaya kawai ta rage a faranti. Baba Ɗanaudu ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce shi har yanzu bai yarda ba. Ya hau babur, ya tayar, sa'an nan ya ɗaga murya ya ce zumar furen ɗorawa ta fi dacewa da wannan ɓarnar tata, don ta fi duhu da ƙarfi, zai aiko mata da ita ranar kasuwa.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Rumfar ta ƙara benci biyu, kuma matan Bagudo kan aiko a yi musu kwalba in za su yi biki ko suna. Wasu sun zo ta koya musu, ba ta ɓoye komai ba, illa dai takan gargaɗe su da su kori mutanen gida waje kafin su gasa barkono. Ta tsufa kaɗan, gwiwa ta fara yi mata ciwo in ta daɗe a kan kujerar tsuguno, amma ba ta daina gwaji ba. A makon jiya an gan ta da dabino da gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli a gabanta, tana cusa gyaɗar da garin cikin dabinon. Fadimatu ta ci guda ta ce ya yi. Sailuba ta girgiza kai, ta ce da saura, ta miƙa hannu ta jawo kwanon gishiri.